Darasin Kwamfuta: Ƙaurar da Faifai daga Kwamfutar Tebur zuwa Laftof

Gabatarwa

A darasinmu na wannan shekara za mu ɗauki wata tambaya wadda ɗalibai da ma'aikatan ofis sukan yi. Mutum yana da kwamfutar tebur wadda ya daɗe yana aiki da ita, duk takardunsa da hotunansa da manhajojin da ya saba da su suna ciki. To, sai ya sami laftof, wato kwamfutar tafi-da-gidanka, ko sabuwa ko ta gwanjo. Dalilin sauyin ba ɓoyayye ba ne: laftof tana da batir, ko an ɗauke wuta aiki ba ya tsayawa, ana kuma iya ɗaukarta zuwa aji ko gida. Sai mutumin ya ce, me zai hana in zare faifan tsohuwar in sa a sabuwar, in ci gaba daga inda na tsaya?

Wani lokaci hakan yakan yiwu, wani lokaci ba ya yiwuwa, kuma wanda ya yi shi da ka yana iya rasa aikin shekaru cikin minti goma. Ku yi tunanin ofishin da sakamakon jarrabawar dukan azuzuwa da lissafin kuɗin makaranta suke cikin faifai guda. Saboda haka za mu bi maganar sannu a hankali.

Kaya iri biyu a faifai ɗaya

Faifai shi ne ma'ajin kwamfuta, inda abin da aka adana yake zama ko bayan an kashe wuta. Na farkonsa kamfanin IBM ne ya fito da shi a Amurka a 1956, yana da faranti hamsin, kuma bai ɗauki fiye da haruffa kamar miliyan biyar ba. Yau wanda bai kai tsawon yatsa ba yana ɗaukar littattafan ɗakin karatu gaba ɗaya. Iri biyu ne a hannun mutane: HDD, mai faranti da ke juyawa sau 5,400 ko 7,200 a minti ɗaya, da SSD, wanda ba abin da ke motsi a cikinsa.

Faifan da kwamfuta ke tashi daga gare shi yana ɗauke da kaya iri biyu. Na ɗaya su ne fayilolinmu: wasiƙu, hotuna, lissafi, waƙoƙi. Waɗannan ba ruwansu da wace kwamfuta aka kai su, ko'ina buɗewa suke yi. Na biyu ita ce babbar manhaja, kamar Windows ko Linux, wadda ke tafiyar da na'urar. Ita kuwa tun ranar da aka sa ta ta daidaita kanta da sassan wannan kwamfuta, kamar rigar da tela ya ɗinka bisa awon mutum ɗaya. Wani yana iya sa ta ta zauna masa, wani kuma ko wuya ba za ta wuce ba. Wannan shi ne jigon darasinmu: fayiloli sauƙin ƙaura gare su, babbar manhaja ce mai wuyar sha'ani. Kafin mu taɓa sukundireba akwai tambayoyi uku da za mu amsa.

Tambaya ta farko: faifan zai shiga?

Mu fara da girma. Faifan HDD na kwamfutar tebur yawanci mai inci 3.5 ne. Wannan ba ya shiga laftof ko kaɗan, domin ya fi ramin girma, kuma yana bukatar wuta iri biyu, volt 12 da volt 5, alhali laftof volt 5 kaɗai take ba faifanta. Idan irinsa ne a kwamfutarka, maganar zarewa a sa ta ƙare, sai a bi hanyar kwafi da za mu zo gare ta a gaba.

Mai inci 2.5 shi ne na laftof, kuma SSD da yawa da ake sa wa kwamfutar tebur wannan girman ne. Bakin haɗinsa, wanda ake kira SATA, iri ɗaya ne a na'urorin biyu. Abin lura shi ne kauri: akwai mai milimita 7, akwai mai milimita 9.5, kuma siririyar laftof ba ta karɓar mai kaurin. SATA ya fito a 2003. Kafinsa akwai IDE, mai faffaɗar waya, wanda na tebur yake da ƙafafu 40, na laftof kuma 44. Idan faifanka IDE ne, a kwashe abin da ke ciki kawai a bar shi ya huta.

Na uku shi ne M.2, ɗan siririn allo da ake sokawa a jikin babban allon kwamfuta, wanda masu gyara ke kira madabod. Lambar da ke jikinsa awonsa ce: 2280 na nufin faɗin milimita 22 da tsawon milimita 80. Akwai kuma 2242 da 2230, gajeru, kuma wasu laftof gajeren kaɗai suke ɗauka. A nan ne mutane da yawa ke ruɗewa, domin M.2 iri biyu ne masu kama da juna. Wani yana aiki da tsarin SATA, yana karanta kamar megabayit 550 a daƙiƙa. Wani kuma yana aiki da tsarin NVMe, wanda yakan kai 3,500 ko fiye. Wani ramin yana karɓar duka biyun, wani iri ɗaya kaɗai. Faifai yana iya shiga ramin daidai amma laftof ta ƙi ganinsa. Littafin bayanin laftof ɗin, wanda ake samu a shafin kamfanin da ya ƙera ta a intanet, shi ne zai raba gardama.

Akwai kuma laftof da ba su da rami ma sam, an liƙe ma'ajinsu a jikin madabod. Haka ƙananan laftof masu araha da yawa suke, haka kuma MacBook na kamfanin Apple masu injin kamfanin kansa, waɗanda suka fara fitowa a 2020.

Tambaya ta biyu: kwamfutar za ta tashi?

Mu ɗauka faifan ya shiga. Saura tashi, kuma abubuwa uku ne ke hana shi.

Na ɗaya, hanyar tashi. A jikin kowane madabod akwai wata ƙaramar manhaja da ke fara farkawa in an kunna kwamfuta, ta nemo faifai, ta miƙa wa babbar manhaja ragama. Tsohuwar ana kiranta BIOS, sabuwar kuma UEFI. Haka nan tsarin raba faifai kashi-kashi iri biyu ne. Tsohon shi ne MBR, wanda ba ya wuce terabayit 2 da manyan kashi huɗu. Sabon shi ne GPT, wanda a Windows yake kai kashi 128. Ƙa'idar Windows ita ce BIOS yana tafiya da MBR, UEFI kuma da GPT. Tsohuwar kwamfutar tebur sau da yawa MBR ne a faifanta, laftof na 'yan shekarun nan kuwa da yawansu UEFI kaɗai suka sani. In aka haɗa su, sai laftof ta ce ba ta ga abin da za ta tashi da shi ba, ko da yake komai yana nan lafiya a faifan. Don ka san naka, buɗe msinfo32 a Windows ka duba layin da ke nuna hanyar tashi, za ka ga ko Legacy, wato tsohuwar hanya, ko UEFI. Tun 2017 Windows 10 tana zuwa da wani ɗan kayan aiki mai suna MBR2GPT, wanda ke juya faifai zuwa sabon tsari ba tare da goge fayiloli ba. Amma a sani, bayan an juya, tsohuwar kwamfutar da BIOS kaɗai ta sani ba za ta ƙara tashi da faifan ba.

Na biyu, direbobi. Direba a nan ƙaramar manhaja ce da ke yin tafinta tsakanin babbar manhaja da wani sashe na kwamfuta, kamar allon kallo, lasifika ko na'urar Wi-Fi. In direban lasifika ya ɓace, kwamfuta za ta tashi, sauti ne kawai babu. Amma in direban sashen da ke magana da faifan ne babu, Windows ba za ta iya karanta kanta ba, sai ta tsaya ta nuna saƙon INACCESSIBLE BOOT DEVICE. Windows XP ta 2001 da Windows 7 ta 2009 sun yi ƙaurin suna wajen wannan. Daga Windows 8 ta 2012, sai Windows 10 ta 2015 da Windows 11 ta 2021, abin ya yi sauƙi: sukan lura an sauya musu gida, su ɗan daɗe a tashin farko suna neman direbobi, su sake kunna kansu sau ɗaya ko biyu, sa'an nan su buɗe. In saƙon nan ya fito, a shiga saitin UEFI na laftof a duba yadda aka saita sashen faifai. Laftof da yawa masu injin Intel sukan zo a kan RAID ko VMD, alhali Windows ɗin da ta fito daga kwamfutar tebur yawanci AHCI ta sani. Mayar da saitin zuwa AHCI sau da yawa shi ke warware matsalar.

Na uku, wani tarko da ba a cika lura da shi ba. Idan kwamfutar tebur tana da faifai biyu, yana yiwuwa Windows tana kan ɗaya, ƙaramin kashin da ke tayar da ita kuma yana kan ɗayan. Wannan kashi ƙarami ne, kuma ba a ganinsa cikin jerin fayiloli. Gwajinsa mai sauƙi ne: kashe kwamfutar tebur, cire wayar dukan faifai ban da wanda za ka ɗauka, ka kunna. In ta tashi, madalla. In ta ƙi, to a laftof ma ba za ta tashi ba sai an gyara.

Tambaya ta uku: makulli da lasisi

Wannan sashe ya fi sauran haɗari, don haka a karanta shi sau biyu. Windows tana da wani makulli mai suna BitLocker, wanda ke rikita duk abin da ke faifai yadda ɓarawon da ya sace shi ba zai iya karantawa ba. Mabuɗinsa yana ajiye a wata 'yar na'ura da ake kira TPM, a jikin madabod. Muddin faifan yana gidansa, buɗewa yake yi da kansa, har mai shi ma bai san akwai makulli ba. Da zarar an kai shi wata kwamfuta, sai ya nemi lambar ceto mai alƙaluma 48. In babu ita, babu mai gyaran da zai buɗe shi a wannan kwamfutar. Daga 2024 Windows 11 takan kunna wannan makulli da kanta a kwamfutoci da yawa in an sa ta sabuwa aka shiga da asusun Microsoft. Saboda haka kada ka ce ai ni ban taɓa kunna shi ba. Duba tukuna. In yana kunne, rubuta lambar a takarda, ko ka same ta a asusunka na Microsoft, ko kuma ka kashe makullin gaba ɗaya ka jira ya gama kwancewa kafin ka zare faifan.

Gajeriyar lambar PIN da ake shiga Windows da ita ma tana ɗaure da TPM na tsohuwar kwamfuta. A sabuwar sai an nemi ainihin kalmar sirrin asusun. Tabbata kana tune da ita.

Sai lasisi. Windows ɗin da ta zo tare da kwamfuta daga kamfani lasisinta na wannan madabod ne, ba ya bin faifai. Wadda mutum ya saya dabam da kuɗinsa ita ce ake iya ƙaurar da lasisinta, da sharaɗin a daina amfani da shi a tsohuwar na'ura. Abin farin ciki, tun zamanin Windows 8 yawancin laftof suna da tasu lambar lasisi a rubuce cikin madabod. In nau'in ya yi daidai, wato Home da Home, ko Pro da Pro, sau da yawa Windows takan tabbatar da kanta in an hau intanet. In bai yi daidai ba, za ta nemi lasisi. Kada a bi hanyar manhajojin fasa lasisi da ake yawo da su a filashi. Ban da cewa cin haƙƙin wani ne, ta nan ne ƙwayoyin cutar kwamfuta da yawa suke shiga. Sauran manhajojin kuɗi, kamar Microsoft Office, su ma suna iya neman a sake tabbatar da su.

Mu kuma tuna cewa Microsoft ta daina kula da Windows 7 a Janairun 2020, ta kuma kawo ƙarshen kulawar yau da kullum ga Windows 10 ran 14 ga Oktoba, 2025. Wahalar ƙaurar da manhajar da aka daina toshe wa ƙofofin ɓarna ba lalle ta biya ba.

Idan Linux ce fa?

Linux, wadda Linus Torvalds ya fara a ƙasar Finland a 1991, ta fi sauƙin ƙaura. Yawancin direbobinta suna tare da ita, kuma duk lokacin da ta tashi takan duba sassan da ta tarar ta ɗauki direban da ya dace. Tana kuma gane kashin faifai da wata doguwar lamba tasa ta kansa, ba da ramin da aka soka shi ba. Ba ta neman lambar lasisi. Abin da yakan ba da wahala shi ne direban katin hoto na NVIDIA in an sa shi dabam, da wasu na'urorin Wi-Fi, da kuma bambancin BIOS da UEFI da muka riga muka bayyana.

Matakan aiki

In amsoshin tambayoyin uku sun yi kyau, ga yadda za a bi.

1. Kwafe duk fayiloli masu muhimmanci zuwa wani faifai ko filashi, ka buɗe wasu daga cikinsu a wata kwamfuta ka tabbata suna buɗewa. Masu wannan sana'a suna da ƙa'ida: kwafi uku, a ma'aji iri biyu, ɗaya a wani wuri dabam.

2. Rubuta lambar BitLocker da kalmar sirri a takarda.

3. Sauko da direban Wi-Fi na laftof ɗin daga shafin kamfaninta ka sa a filashi, domin in babu shi ba hanyar sauko da sauran.

4. Kashe kwamfutar tebur kashewa ta sosai. A Windows, riƙe maɓallin Shift yayin da kake danna umarnin kashewa, don kada ta ajiye wani ɓangare na halin da take ciki ta nemi ci gaba da shi a na'urar da ba ta sani ba.

5. Zare wayar wuta. A laftof ma cire caja da batir. In batirin na ciki ne, zare 'yar wayarsa da zarar ka buɗe murfin.

6. Taɓa ƙarfe kafin ka taɓa faifai, ka kuma riƙe shi ta gefe. Duk mun san ɗan tartsatsin da ke fita in an taɓa ƙofar mota ko bargo a lokacin hunturu. Wanda bai kai mu ji shi ba ma yana iya lalata sassan kwamfuta, kuma busasshiyar iska tana ƙara shi.

7. Ajiye ƙananan kusoshin a murfin kwalba bi da bi. Faifan laftof na asali kuma a nannaɗe shi a ajiye, kada a goge shi sai bayan makonni.

8. Kunna laftof tana haɗe da caja, ka yi haƙuri da tashin farko. Kada ka kashe ta don ta daɗe.

9. Bayan ta buɗe, shiga Device Manager ka duba sassan da ke da alamar rawaya, ka sa musu direbobi. Cire manhajojin da suka shafi sassan tsohuwar kwamfuta.

Wasu hanyoyi biyu

In faifan ba zai shiga ba, ana iya yin kwafinsa sukutum zuwa wani wanda zai shiga, da manhaja irin Clonezilla, wadda kyauta ce. Alherin wannan hanya shi ne faifan asali yana nan ba a taɓa shi ba. Amma tambaya ta biyu da ta uku suna nan daram, domin kwafin ya gaji duk halin na asali. A kula ƙwarai wajen zaɓen wanne ake kwafa, wanne ake rubutawa a kai. In aka juya su, babu komai ne zai hau kan aikin shekaru. A kuma yi aikin lokacin da ake da tabbacin wuta.

Hanya ta ƙarshe ita ce wadda muka fi ba da shawara a yawancin lokaci. A sa wa laftof sabuwar babbar manhaja a kan SSD, a sake sa manhajojin da ake bukata, sa'an nan a sa tsohon faifai a ɗan akwatin da ake haɗawa ta USB a kwashe fayiloli. Mai inci 2.5 wutar USB ta ishe shi, mai inci 3.5 kuwa akwatinsa yana zuwa da tasa wayar wuta. Wannan hanya takan ci yini guda, amma laftof za ta fara da tsabta, ba tarkacen tsofaffin direbobi. SSD kuma ya fi jure jijjigar jaka da babur, ga shi tsohon faifan ya zama ma'aji na biyu. Zarewa a sa ya fi dacewa ne inda akwai wata manhaja ta musamman da ba a da hanyar sake sa ta, ko saiti mai yawa da zai yi wuyar maimaitawa.

Kammalawa

Mun ga cewa faifai yana ɗauke da fayiloli da babbar manhaja, kuma ta biyun ce ke ɗaure da na'urar da aka sa ta. Mun ga tambayoyi uku: zai shiga, za ta tashi, akwai makulli ko lasisi. Duk sauran kurakurai a wannan aiki suna gyaruwa, ban da biyu: rashin kwafi da rashin lambar ceto. Laftof in ta lalace ana sayen wata, amma sakamakon jarrabawar shekara biyar ba a sayar da shi a kasuwa. Rigakafi ya fi magani. Ɗalibin da bai taɓa buɗe kwamfuta ba ya yi na farko a gaban malami ko wanda ya iya.

Tambayoyin bita

1. Kawo dalilai biyu da ke hana faifai mai inci 3.5 aiki a cikin laftof.
2. Me lambar 2280 take nufi a jikin faifan M.2?
3. Wane tsarin raba faifai ne ke tafiya da UEFI a Windows?
4. Don me BitLocker yake neman lambar ceto in an sauya kwamfuta, kuma alƙaluma nawa ce?
5. Wani ofis yana da kwamfutar tebur mai Windows 7 a kan HDD mai inci 3.5, ya sayi laftof mai ramin M.2 kaɗai. Wace hanya za ka ba su shawara su bi? Bayyana dalilinka.